Hawainiyar Asibiti: Don Me Za Mu Damu da Siffar Candida auris?

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin ƙananan halittun Ubangiji da ɗan Adam ya daɗe yana rainawa, da wuya a sami kamar yis da danginsa, watau su fumfuna. Mun san yis a wurin mai gidan burodi, shi ke kumbura masa ƙullu. Mun san ƙyasbi da makero, waɗanda su ma aikin wannan dangi ne, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar su ciwon da za a kwana ana jinya. Saboda haka idan aka ce ga wani yis ya sa manyan asibitocin duniya rufe ɗakunan marasa lafiya, mai karatu zai iya tsammanin zuƙi ta malle ce. To, ba ita ba ce. Sunansa Candida auris, ko da yake tun 2024 masana suka sake masa suna zuwa Candidozyma auris.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, sanin yadda wannan ƙwaya ke girma da yadda take sauya kamanni ba wasan malaman jami'a ba ne da suka rasa abin yi. Ilmi ne da ran majinyaci ya rataya a kansa, kuma ƙasar da ta bar ɗakunan gwaje-gwajenta suka mutu, ta yarda ke nan a yi mata ɓarna cikin duhu.

Asalin al'amarin

A shekarar 2009 ne likitocin Japan suka fara ba da bayaninta, bayan sun same ta a kunnen wata tsohuwa mai shekara 70 a wani asibitin birnin Tokyo. Daga nan ta sami sunanta, domin auris a harshen Latin kunne ke nan. Da aka koma aka binciki tsofaffin samfurori da ke ajiye, sai aka tarar tun 1996 ta shiga jinin wani yaro a Koriya ta Kudu, ba a dai gane ta ba ne. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai ya fito a 2017, sa'ad da aka kwatanta ƙwayoyin gadon samfurori daga Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu da Benezuwela. An ga cewa ba wuri guda ta taso ta bazu ba. Zuriya daban-daban ne suka ɓullo kusan lokaci ɗaya a nahiyoyi uku, kowace da halinta. A yau ana lissafa zuriya shida: ta Kudancin Asiya, ta Gabashin Asiya, ta Afirka, ta Kudancin Amurka, ta Iran, da wadda aka gano daga baya a Singafo.

Wasu masana, cikinsu har da Arturo Casadevall na Amurka, sun kawo hasashe a 2019 cewa ɗumamar yanayi ce ta horar da ita. Yawancin dangin fumfuna ba sa iya rayuwa cikin zafin jikin mutum, wanda yake digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafi na daga cikin garkuwar da Allah ya yi mana. Ita kuwa wannan ƙwaya tana girma har a digiri 42, tana kuma jure ruwan da kashi 10 cikin 100 nasa gishiri ne. A 2021 masu bincike na Indiya suka same ta a fadamar gishiri da bakin teku a tsibiran Andaman. Ɗaya daga cikin samfuran fadamar, inda mutane ba su cika zuwa ba, yana girma a hankali cikin zafi, kuma magani yana kashe shi. Hasashe ne har yanzu, amma ya nuna cewa saurin girma da juriyar zafi su ne mabuɗin labarin tun daga tushe.

Yadda take sauya kamanni

Idan aka sa ta ƙarƙashin madubin likita, a siffarta ta yau da kullum 'yar ƙwaya ce mai kama da ƙwai, ƙanƙanuwa ƙwarai, sai an jera fiye da 200 kafin su cika milimita ɗaya. Tana hayayyafa ta hanyar toho: uwa ta fitar da ɗan ƙullutu a gefenta, ya girma, ya ɓalle, shi ma ya zama uwa. Da farko an ɗauka iyakarta ke nan. An sha rubutawa cewa ba ta yin zare irin na 'yar'uwarta Candida albicans, wadda ke miƙewa ta zama dogon sili tana huda naman jiki. Bincike ya zo ya rushe wannan zato.

A 2016 Andrew Borman da abokan aikinsa a birnin Biristol na Ingila suka lura cewa samfuran da ke hannunsu sun kasu biyu. Wasu ƙwayoyinsu a warwatse suke, ɗaiɗai. Wasu kuwa 'ya'yan ba sa rabuwa da uwa bayan toho, sai su taru su yi curi, curin da ko an girgiza shi da ƙarfi ba ya wargajewa. Da suka ɗura wa tsutsar wani asu mai cin kakin zuma kowane iri, sai na warwatsen suka fi saurin kashe ta. Wanda bai zurfafa tunani ba zai ce ashe mai curi ita ce mai sauƙi. Amma daga baya wannan ɗakin bincike ya nuna cewa idan aka sa wa irin warwatsen magani ɗan kaɗan wanda bai isa ya kashe su ba, su ma sai su dunƙule, in an janye maganin su koma yadda suke. Watau curin nan wata mafaka ce da ƙwayar ke shiga idan ta ji wuya.

A 2018 kuma masana a ƙasar Sin suka ɗura wa ɓeraye ƙwayar, suka sake ciro ta daga jikinsu, sai ga wasu sun koma dogayen zare. Abin mamaki shi ne, a ɗan sanyi, wajen digiri 20 zuwa 25, zaren ya fi fitowa, a zafin jikin mutum kuwa sai ta koma siffar ƙwai. Wannan kishiyar halin Candida albicans ne, wadda zafin jiki ke sa ta miƙewa. Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa yawan gishiri, ko lahani ga ƙwayoyin gadonta, kan sa ta yi tsawo. Hatta launinta ba ya tsayawa wuri guda, domin a kan wani farantin reno na musamman samfuri ɗaya kan fito fari, ko ruwan hoda, ko shunayya. Wannan ya sa na kira ta hawainiya.

Akwai siffa ta huɗu da ta fi sauran haɗari a asibiti, ita ce shimfiɗa mai yauƙi da take yi a jikin abubuwa, kamar gansakukar da ke kama cikin randar da ba a wankewa. Ƙwayoyin kan manne a jikin robar da aka zura wa majinyaci a jijiya ko a mafitsara, su lulluɓe kansu da wani danƙo, magani ya kasa ratsawa yadda ya kamata. A 2023 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka gano wani sinadarin mannewa da ba a san shi a sauran danginta ba, suka sa masa suna Scf1. Da shi take kama fata da roba, kuma yawansa ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa wani iri ke addabar asibiti, wani kuwa bai cika yaɗuwa ba. Zuriyar Gabashin Asiya, alal misali, ta fi tsayawa a ciwon kunne, kuma magani ya fi cin ta, alhali ta Kudancin Asiya ta haddasa annoba a ƙasashe da dama.

Magani ya yi kaɗan

Masu yaƙi da bakteriya suna da makamai iri-iri. Masu yaƙi da yis a cikin jini kuwa manyan azuzuwan magani uku kawai suke taƙama da su, dalili kuwa shi ne ginin ƙwayar yis ya yi kusa da na ƙwayar jikin mutum, abin da zai kashe ta sau da yawa yakan taɓa mu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da lissafi cewa wajen kashi 90 cikin 100 na samfuran ƙasarta ba sa jin fluconazole, wajen kashi 30 ba sa jin amphotericin B, ƙasa da kashi 5 kuma ba sa jin aji na uku, watau echinocandin. A 2019 aka sami majinyata 3 a jihar Niyok da ƙwayar jikinsu ta gagari dukkan azuzuwan nan uku. Daga cikin waɗanda ta shiga jininsu, tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin 100 kan rasu, ko da yake yawancinsu dama suna fama da wata babbar cuta. A Amurka masu ciwon sun tashi daga 476 a 2019 zuwa 1,471 a 2021. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari ga ɗan Adam, ta sa ta cikin huɗun da ke sahun gaba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Sauyin siffa ba shi kaɗai ke kawo gagarar magani ba. Akwai canje-canje a ƙwayoyin gado da ke sauya gurbin da magani ke kamawa, akwai kuma wasu 'yan famfuna a jikin ƙwayar da ke amayar da maganin waje. Amma siffa ita ke ba ta lokaci. Ƙwayar da ta ɓuya cikin curi ko cikin yauƙi ba ta mutu ba, wadda ba ta mutu ba kuwa tana da damar haifar 'ya'yan da suka fi ta taurin kai.

Amfanin wannan ilmi

Ga misali da zai nuna cewa maganar ba ta takarda kaɗai ba ce. Tsakanin 2015 da 2017 ƙwayar ta kama majinyata 70 a ɗakin kulawa ta musamman na wani asibitin koyarwa a Okusfod. An yi wanki, an keɓe marasa lafiya, abin bai tsaya ba. Da aka bi diddigi sai aka gano tana maƙale a jikin ma'aunin zafin jiki da ake sa wa majinyata a hamata, ana ɗauka daga wannan gado zuwa wancan, ana kuwa goge shi bisa ƙa'ida. Sai da aka janye ma'aunan nan baki ɗaya kafin aka ci ƙarfin annobar. A asibitin Royal Brompton na Landan an sami mutum 50 cikin wata 16, har ta kai ga rufe ɗakin kulawa ta musamman na ɗan lokaci a 2016.

Wanda ya san cewa ƙwayar nan kan rayu aƙalla mako biyu a busasshiyar roba, shi zai yi tunanin duba ma'auni da ƙarfen gado da abin awon jini. Wanda ya san tana son gishiri da ɗumi ba zai yi mamakin zamanta a hamata da matsematsi ba, can kuma zai shafo ya kai awo. Wanda ya san halin yauƙinta zai gane cewa cire robar jijiya da wuri na iya fin ƙara allura amfani. Wanda ya san wasu magungunan goge ƙasa na yau da kullum ba sa kashe ta, zai nemi mai kulorin. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan a kan teburin mai leƙen madubi aka haife shi.

Za a ce muna da abin da ya fi wannan

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Za su ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da kwalara da sanƙarau ke kwashe 'ya'yanta kowace shekara, ina ruwanta da yis ɗin da ke kama masu kwanciya a ɗakunan alfarma? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan ce Candida auris ta kai waɗancan ɓarna a ƙasarmu ba. Mai lafiya da ke yawonsa a kasuwa ba shi ne abin farautarta ba. Amma akwai amsa uku.

Ta fari, ta riga ta iso nahiyarmu. A Afirka ta Kudu, binciken ƙasa baki ɗaya na 2016 zuwa 2017 ya nuna ita ce ke da kashi 14 cikin 100 na ciwon yis a jini. A wani asibitin Nairobi ta kai kashi 38. A 2022 likitocin Nijeriya suka buga rahoton majinyata 4 da aka same ta a jininsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa hayaƙin ya fara tashi daga namu.

Ta biyu, ƙarancin adadi ba shaidar lafiya ba ne a inda ba a awo. Wannan ƙwaya ta shahara da ruɗar na'urori. Tsofaffin hanyoyin gwaji kan ba ta sunan wata, su kira ta Candida haemulonii ko wani yis dabam. Tabbatar da ita na bukatar na'ura mai tsada da ke auna sinadaran jikinta, ko karanta ƙwayoyin gadonta. A inda sakamakon awo ke tsayawa a kan cewa an ga yis, likita zai rubuta fluconazole, shi ne mai araha, shi ne kuma wanda ba ta ji. Majinyaci ya cika, a ce kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa ajali na hannun Allah, amma sakaci na wuyan wanda ya yi shi.

Ta uku, waɗanda take kamawa namu ne. Jaririn da aka haifa bakwaini, mai ciwon sukari da aka yi wa aiki, mai wankin ƙoda, wanda ya yi haɗarin mota aka sa masa robar numfashi, su ne abincinta. Duk sa'ad da aka buɗe sabon ɗakin kulawa ta musamman ana kaɗe-kaɗe da yanka ƙyalle, an buɗe mata gida ne idan ba a tanadi ruwa da sabulu da mai awo ba. Kuma abin da zai tare ta, watau wanke hannu, tsabtace kayan aiki da ɗakin gwaji mai rai, shi ne dai zai tare sauran cututtukan da ake ɗauka a asibiti. Kuɗin da aka kashe a kanta bai tafi a banza ba ko da ba ta zo ba.

Abin da ya rage gare mu

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da gagarar magunguna a 2017. Takardu dai ba mu rasa su ba. Abin da ke wahalar samu shi ne mai bin takarda har ta zama aiki, a nan ne kuwa nake kira ga matasan ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan mujalla. Fayil ɗin sayen sinadaran awo da ke kwance a kan teburinka ba ƙaramin fayil ba ne don kawai babu bikin buɗewa a bayansa. Albashin mai shara da ya makara wata uku, shi ma maganar lafiyar majinyaci ce. Ba dole kowane asibiti ya mallaki na'ura mai tsada ba, amma ya kamata kowane yanki ya sami cibiya guda da za a riƙa aika mata duk yis ɗin da aka samu a jini, a kuma wajabta ba da rahoto.

Ga hukumomin jami'o'inmu kuwa, ilmin fumfuna ya daɗe yana zaman ɗan bora a manhaja, sai a ƙarshen zango ake taɓa shi a gurguje. Alhali binciken girma da siffa na daga cikin mafi sauƙin kuɗi a kimiyya. Aikin Borman bai bukaci abin da ya wuce madubi da faranti da tsutsa da idon basira ba. Tun da an tabbatar cewa kowace zuriya da halinta, abin da aka gano a Biristol ko Mishigan ba zai wadatar da mu ba. Sai mun san irin da ke cikin asibitocinmu, da yadda yake yi a zafin bazararmu da sanyin hunturunmu. Wannan aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi a ƙarƙashin ƙwararren malami, muddin an tanadi ɗaki mai kariya da lantarkin da ba ya yankewa.

Mu ɗalibai ma muna da namu kason. Kowa ya san yadda ake shiga kemis a sayi ƙwayar fluconazole kamar ana sayen alewa, a sha ɗaya ko biyu a watsar. Mun riga mun ga abin da magani ɗan kaɗan ke yi wa wannan ƙwaya: ba ya kashe ta, sai dai ya koya mata dunƙulewa. Mai ilmin da ke rubuta wa kansa magani, har ya rubuta wa abokin ɗakinsa, bai bambanta da mai tallar magani a tasha ba sai da takardar shaida. Idan muka je dubiya, mu wanke hannu kafin mu shiga da bayan mun fito, mu daina zama a gadon majinyaci. Ƙungiyar ɗalibai, wadda ta iya tsayawa kan maganar abinci da kuɗin makaranta, ta iya tsayawa ta tambayi ko akwai ruwa a famfon asibitin koyarwa.

Magabata sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ƙwaya ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. A hannun ma'aikaci take tafiya, da jikin ma'auni, da bakin robar da aka bari ta wuce kwanakinta. Ta iya sauya siffa sau huɗu domin ta tsira, mu kuwa hali ɗaya ake nema mu sauya, shi ne raina aikin da ba a gani. Cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda nan da shekara goma za su riƙe ma'aikatu da asibitoci. Ranar da aka kawo muku kasafi, aka ce a zaɓa tsakanin sabuwar ƙofar shiga da ɗakin gwaje-gwaje, ku tuna da ma'aunin hamata na Okusfod da mutum 70 da ya bi ta kansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon riƙe amana.